Ranar da aka buɗe murfin motar Kuramochi

Kuramochi Shigenobu shekararsa saba'in da huɗu, manomin lemu ne a wani ƙauyen kan tudu a Ehime, kuma a ganinsa duk Japan babu sauran direba sai shi. Motarsa 'yar ƙarama ce mai giyar hannu, ta haura shekara talatin. Duk wanda ke tuƙa mota mai canza giya da kanta, Kuramochi ba ya kiransa direba, fasinja yake ce masa.

Bara ya goge katangar maƙwabta da gefen motar. 'Yarsa Hatsumi, wadda ke zaune da shi tun rasuwar uwarta, ta so ya miƙa lasisinsa ga 'yan sanda kamar yadda sa'o'insa ke yi. Ya yi tsalle ya dire. A ƙarshe suka yi yarjejeniya: zai ci gaba da tuƙi a hankali, amma ranar da ya sake yin wani shirme da motar, makulli ya koma hannunta.

Ana haka wata safiya, a hawan da ke kaiwa gonarsa, matar maƙwabcinsa ta wuce shi a sabuwar motarta, har tana sunkuyar masa da kai don gaisuwa. Wucewar ba ta dame shi kamar gaisuwar ba. Washegari ya sauka wurin Unno, mai yanka tsoffin motoci a bakin teku, ya ce turbo yake so, ɗan ƙarfen nan mai kamar katantanwa da ke ɗura wa inji iska.

"Tsoho, a wace motar?" in ji Unno. "Wannan gwangwanin? Ai gara ka ɗaura wa kanka, ko ka riƙa hawa bene ba haki."

"Uban naka ma ni na koya masa riƙe sifana. Miƙo min kaya."

Unno ya zaro masa wani mai tsatsa, ya ce ya tuna in iska ta ƙaru sai an ƙara mai, in ba haka ba inji zai narke. Kuramochi ya ce surutun yaran zamani ne. Ya kulle kansa a rumfar ajiyar lemu ya haɗa abin da tiyon tsohon injin wanki da wayar ɗaure reshe. Da Hatsumi ta tambayi sabuwar feɗuwar da motar ke yi, ya ce tsufa ne, ita ma wata rana za ta yi.

Motar ta ƙara gudu kaɗan, ta ƙara hayaƙi da yawa. Ya koma wurin Unno don ya yi masa burga.

"Madalla," in ji Unno. "Mai shi na farko ma haka yake yabonsa, kafin ya faɗa rami da motar."

"Ya mutu?"

"To, bai dai dawo ya tambayi kayansa ba."

Kuramochi ya yi tsaki ya tafi. Mutumin da ke raina likita da ɗan sanda, sai ga shi yana waiwayen kujerar baya. Feɗuwar da yake alfahari da ita ta koma masa kamar numfashin mutum. Ya yanke shawarar kai motar ɗakin bauta a yi mata tsarki. Hatsumi ta ji daɗi ƙwarai, ta ɗauka tsohon ya fara tsoron hanya, ta saka kayanta masu kyau ta ce tare za su.

Ya sha kai motoci wannan tsarkin a rayuwarsa, amma sai da ya ajiye motar a farfajiya ya tuna yadda ake yi. Mai hidimar wurin ya fito da fararen kaya, riƙe da sandarsa mai tuntun takarda, ya ce cikin ladabi a buɗe ƙofofi duka, da but, da murfin inji.

"Gaban ba ya buƙata," in ji Kuramochi. "Lafiyarsa ƙalau."

Hatsumi ta ja mariƙin murfin da kanta. Mai hidima ya kaɗa sandarsa a kan tiyon, ya karanta addu'arsa har ƙarshe, bai ko ɗaga gira ba. Ita ma ta sunkuya inda ake sunkuyawa. Sai da aka gama ta buɗe tafin hannunta.

"Baba, tiyon injin wankin Mama ne wannan."

"Ai ba ya aikin komai."

"Makulli."

Ita ta tuƙa su gida, motar na tari a hawan, yana gefe yana faɗa mata ba ta iya kama kuloci ba.

Lasisin ya koma hannun 'yan sanda, an ba shi katin rangwamen bas. Bai shiga ba, ya ce bas ma mai canza giya da kanta ce, ba zai zauna a bayan fasinja ba. Makon jiya an gan shi a gona, durƙushe gaban ɗan injin da ke jan kwandunan lemu zuwa gindin tudu, yana auna salansarsa da tef.