Mummunan Takalmin da Ya Hau Dutsen Gwoza

Maigidana, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai tausayin takalmi. Mutane ma yana tausayinsu daidai gwargwado, amma takalmi ya fi. Tun muna daji da shanu, kafin fari ya cinye mana garke mu shigo Yerwa, haka na san shi. In hanya ta yi kyau, yashi mai laushi, sai ya sa takalminsa yana taku kamar hakimi. Da zarar an shiga ƙaya ko tsakuwa sai ya tsaya, ya cire, ya kaɗe, ya rataya a sanda ya saɓa a kafaɗa. In an tambaye shi, ya ce ƙafa in ta yanke da kanta take haɗewa, takalmi kuwa sai an kai wa baduku. Ba shi kaɗai ba ne, duk mazan zuriyarsu haka suke. Na taɓa ganinsu a jere suna ratsa ƙarangiya, kowa yana ɗingishi, kowa da takalminsa a sama yana shan iska.

Da muka zauna a gari ya zama dillali a Kasuwar Shanu. Ya yi tumbi, ya je Makka, ya sayi rediyo, amma halin nan bai sake shi ba. Ranar da aka yi ruwa, da takalmi a hammata yake dawowa gida.

Ni ban damu ba, ƙafarsa ce. Sai da ciwon suga ya kama shi. Ciwon gidansu ne. Yayansa ƙusa ya taka a bakin mayanka, ɗan rami kamar na tururuwa, ya ƙi warkewa, ya yi baƙi, ƙarshenta daga gwiwa aka cire ƙafar. Da aka auna Malam, maigidan nawa, aka ga shi ma yana da shi, likita ya ce masa ko ƙaya kada ya bari ta soke shi. Malam ya ce to. Ya dawo gida ya gaya mini likitan yaro ne.

Ana nan, bayan an cire amfanin gona, wani mutumin Gwoza da ya saba sayen bijimai a hannunsa ya gayyace shi farauta a kan dutse. Wai rema ta yi yawa, ga gada, ga birai sun ishe su. Malam ya sauko da bindigarsa ta toka daga bayan randa, wadda rabonta da harbi tun muna daji, ya zauna yana goge ta.

Na ce, "Malam, dutse fa aka ce."

Ya ce, "Na ji."

"Kai da gangaren kogin nan ma sai ka tsaya ka gaisa da wanda ba ka sani ba don ka huta."

"Zumunci ne."

Ban hana shi ba. Na daɗe da shi, na san in na ce kada ya je, har kwana zai ƙara a can. Abin da ya rage mini shi ne ƙafar. Da fade ba a hawa dutse, wannan ko ni na sani. Sai an samu takalmi mai rufe ƙafa har idon sawu.

Shi ma wanda zai tafi tare da shi, wato ƙaninsa mai shago a Hausari, ya riga ya yi nasa shirin. Ya zo gidan da kwali a hannu, ya buɗe a tsakar gida kamar mai nuna kayan lefe. Takalmi ne sabo fil daga kanti, ja, yana ƙyalli, har da farar takarda a ciki.

Ya ce, "Matar Yaya, zo ki ga abin da ba a yi a rugarku."

Na ce, "Na gani. Kai za ka ɗauke shi, ko shi zai ɗauke ka?"

"Kishi kike yi. Ki ce Yaya ya sayi irinsa, kada ya je ya ba mu kunya da wannan fade nasa mai kama da busasshen kifi."

Na dubi Malam. Ya ɗauki ƙafa ɗaya na takalmin da hannu biyu, yana shafa shi a hankali, yana hure ƙurar da babu ita. A nan na gane in aka saya masa irin wannan, takalmin zai ga Gwoza daga kafaɗa, ƙafar kuma ta ga Gwoza da fatarta. Ba takalmi mai kyau nake nema ba ke nan. Wanda ba zai ba shi tausayi ba nake nema.

Sai maganar awo. Ni ban san lambar da ake rubutawa a ƙarƙashin takalmi ba, ban kuma yarda da ita ba, don wanda ya rubuta bai taɓa ganin ƙafar Malam ba. Shi kuma ba zai miƙo ƙafa a auna ba, zai tambayi dalili. Amma ni ɗiyar makiyayi ce, sawu ba ya ɓoye mini komai. Da la'asar na share gefen da yake alwala, na barbaɗa sabon yashi, na yayyafa ruwa. Na zaɓi yamma ne saboda mutumin da ya wuni a tsaye a cikin shanu ƙafarsa tana kumbura, ta safe ba ita ce ta yamma ba. Ya dawo, ya yi alwala, ya taka ya wuce masallaci. Na yago kaba na auna tsawo, na ƙulla, na auna faɗi, na ƙulla. Ta hagu na bi, ita ce saniya ta taɓa takawa ta baje.

Washegari na yafa lafaya na tafi babbar kasuwa, layin 'yan gwanjo. Akwai wani dattijo Babarbare da ke zube takalma a kan buhu, ya yi soja a da, ya san kansu.

Ya ce, "Wushe, Hajja. Na yara ko na Alhaji?"

Na ce na mai hawa dutse. Ya dubi lafayata, ya ce Allah ya sauke ni lafiya. Na ce ba ni ba ce. Ya ce ya dai faɗa ne.

Gaskiya ya koya mini abin da ban sani ba. Na fara ɗaukar wani mai ƙarfe a dunduniya, ina ganin shi ne mai ƙarfi. Ya karɓe, ya ce wannan na fareti ne, a kan falalen dutse zamewa yake kamar an zuba kuɓewa, kuma ƙararsa za ta sanar da kowace dabba har ta ƙasar Kamaru. Ya ce a nemi mai ƙasan roba, mai haƙora manya. Ya lanƙwasa wani ya nuna mini: wajen yatsu ya kamata ya lanƙwasu, tsakiya kuwa ya ƙi. Wuyan ya kama idon sawu, don can ne ƙafa ke gurɗewa. Da na zura kabata a ciki ta zauna cif, na ce wannan ya yi. Ya ce bai yi ba. Hawa ba shi ne wahala ba, saukowa ce. In ana gangarowa ƙafa gaba take tafiya, yatsu su dinga dukan bakin takalmi har farce ya mutu. A bar wurin babban yatsa ɗaya a gaba.

Ya tono mini wanda ya cika duk wannan. Ruwan ƙasa, fatarsa lafiya, kamar ba a taɓa sa shi ba. Ya tofa masa yawu ya goge da hannun riga, ya ɗaga shi a rana.

Na ce, "Ba ka da wanda ya fi wannan muni?"

Ya ce, "Na'am?"

"Irin wannan dai, amma wanda in ka gan shi a hanya ba za ka sunkuya ba."

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Hajja, Alhajin ya yi miki wani laifi ne?"

Na ce a'a, zamanmu lafiya.

Ya shiga ƙasan buhu, inda yake tara waɗanda ya fid da rai da su. Ya fito da wasu guda biyu da ban san launin da aka haife su da shi ba. Ɗaya ya sha fenti a baki, ɗaya kamar an zuba masa baƙin mai. Igiyarsu ma ba iri ɗaya ba ce. Amma haƙoran ƙasan suna nan, wuyan yana tsaye. Na zura hannu ciki na bi ko'ina da yatsa, lungu-lungu, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa, don ɗinki ɗaya mai kaifi ya isa ya yi aikin da ƙusa ta yi wa yayansa. Ciki sumul. Na zura kaba, ga wurin yatsa a gaba. Na ce a naɗe mini. Ya roƙe ni kada in gaya wa kowa a wurinsa na saya.

A gida na shafe cikin da man shanu ya ƙara laushi. Wajen kuwa na bar shi yadda Allah ya yi shi, na ma ɗan ajiye shi a garken awaki ya kwana biyu.

Saura a sa shi ya saka. In na miƙa masa na ce ga takalmi na saya maka, zai dube shi ya ce shi dillali ne, ana ganin girmansa. Don haka ban ba shi ba. Na jira lokacin da yake zaune a tabarma yana shan shayi, na zo na wuce ta gabansa da su a kan farantin shara, na nufi ƙofa.

Ya ce, "Ke, mene ne wannan?"

"Shara."

"Takalmi nake gani."

"Dā takalmi ne. Ya mutu."

"Kawo nan."

Ya juya su, ya danna ƙasan da babban yatsa, ya ja harshen. Ya ce, "Wannan ne ya mutu? Ku mata ba ku san darajar abu ba. Wannan da sauran ransa."

Na ce ko mahaukacin bakin tasha ba zai sa wannan ba.

Ya zura ƙafa. Ya zura ɗayar. Ya miƙe, ya je bakin rijiya ya dawo. Ya ce, "Kamar an auna."

Na ce ikon Allah.

Ya ce ba zai bari a zubar da abu mai rai ba, zai tafi da su Gwoza ya ƙarasa su a kan dutse, in ya so a zubar da su da hujja. Na ce shi ya sani, amma kada ya bi ta gaban maƙwabta. Saboda wannan maganar, sauran kwanakin da su ya dinga zuwa Kasuwar Shanu, yana taka kashin shanu da gayya. Kafin ranar tafiya sun saba da ƙafarsa. Na ba shi safa mai kauri, na ce sanyin dutse ne dalili.

Ranar da za su tashi ƙanin ya zo da jan takalminsa yana ƙara ƙiƙi-ƙiƙi. Ya ga ƙafar yayansa, ya riƙe ciki.

"Matar Yaya, a wace bola kika tono wannan? Birai ma dariya za su yi mana."

Na ce, "Ai gara su yi dariya su tsaya, ko kwa samu ku harbi ɗaya."

Suka tafi tashar Bama. Kwanakin da suka yi, na yi girki, na yi turaren wuta na sayarwa kamar kullum. Sai dai duk lokacin da na wuce ƙofar gidan yayansa na gan shi zaune da sandunansa biyu a jingine, gaisuwar ba ta yi mini tsawo.

Da hantsi suka dawo. Ina jin tsayuwar tasi na fito zaure. Ban dubi fuskar kowa ba, ƙasa na duba. Ƙanin ne ya fara fitowa, da ƙyar, ƙafafunsa duka biyu naɗe da tsumma, jan takalmin rataye a wuyansa, yana ƙyalli kamar ranar da aka saye shi.

Na ce, "Sannu. Takalmi ya sha hanya."

Ya ce, "Matar Yaya, dutsen nan wuƙa ne. Da na sa shi da ya yage."

Sai Malam ya sauko. Takalman suna ƙafarsa. Ɗaya ya buɗe baki kaɗan a gefe, an ɗaure da igiyar rama. Ban bar shi ya gaisa da kowa ba, na zaunar da shi a kan turmi, na kwance, na zare safar. Na wanke ƙafafun da ruwan ɗumi, na duba dunduniya, na duba tafin, na buɗe tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya. Babu yanka, babu ƙaya, babu ko bororo. Yana ta ba ni labarin wata gada da ya kusa samu. Abin da suka kawo rema ce guda ɗaya, ita ma har yau ba a daidaita kan wanda ya harbe ta ba, ni kuma da na feɗe ta ban ga harsashi ba.

Na ɗauki takalman na ce to, an ƙarasa su, bari in zubar.

Ya ce in ajiye. Da kansa ya wanke su, ya kai wa baduku ya ɗinke gefen, ya sayo igiya iri ɗaya, ya shafa musu mai. Ya kafa ƙusa a ɗakinsa ya rataye su kusa da bindiga. Duk baƙon da ya zo sai an nuna masa takalmin da ya hau dutsen Gwoza.

Da shekara ta kewayo mutumin Gwoza ya sake aiko da gayyata. Ana saura kwanaki na leƙa ɗakin, na tarar Malam ya sauko da su, ya haɗa igiyoyin ya ƙulla, yana gwada yadda za su zauna a kan sanda.

Na ce, "Ba sawa za ka yi ba?"

Ya ce, "Zan sa a mota. In an zo wajen duwatsun nan masu kaifi sai in cire. Bayin Allah sun sha wahala bara."

Kabata tana nan a cikin kwalla, da ƙullinta biyu. Na yafa lafaya na koma layin 'yan gwanjo. Dattijon yana hango ni ya fara tona ƙasan buhu.

Ya ce, "Hajja, na ajiye miki wani. Wannan ko ni ba na iya kallonsa."