Agogon da Ya Ƙi Yin Takaba

Maigidana fita ne, wato makaniken mota, a Magazin ta Suame, unguwar masu gyaran mota, kuma duk abin da ke da batir burge shi yake yi. Ranar da likita ya ce ina da hawan jini, sai ga shi ya shigo da wani baƙin agogon roba, wai yana ƙirga taku da bugun zuciya. Na ce masa ni da nake wuni a tsaye ina sayar da koko da ƙosai, wane taku kuma za a ƙirga min? Ko kallona bai yi ba. Ya ɗaura min, ya zauna yana latse-latse a wayata har ya saita shi ya riƙa girgiza kullum da hantsi, lokacin shan maganina. Ya san halina sarai, in ciniki ya kankama ko sunana mantawa nake yi.

Mita kam na sha yi. In abin ya motsa ina tsakiyar juya ƙosai, sai in ce ga Alhaji nan ya biyo ni har bakin kasko. Amma ina shan maganin. Da yamma kuma ya kama hannuna da nasa mai baƙin mai, ya leƙa agogon, ya ce yau na yi lalaci, mu taka zuwa bakin titi mu dawo.

Cikin damina ya kwanta ciwo, bai daɗe ba Allah ya karɓi abinsa.

Yayarsa ta taso daga Asokore Mampong ta tare a ɗakina don ta zauna da ni takaba. Yaya mace ce mai tsare al'ada, in ta ce a'a to an gama. Ta cire min 'yan kunne da awarwaro ta zuba a langa, sannan ta zo kan agogon. 'Yata ta ce wannan ba ado ba ne, na lafiya ne. Yaya ta ce duk abin da mace ta ɗaura a hannu ado ne, kuma ba za a ji a unguwarmu ta Zongo cewa matar ƙanenta ta yi takaba da agogo ba. Ni ko a jikina. Na miƙa hannu ta kwance, ta rufe langar ta ɗora a kan kabad.

Daga ranar ban ƙara shan magani ba. Babu wanda ya hana ni, mai tuna min ne ba ya nan. Ina zaune a kan tabarma ana ta shigowa gaisuwa, ƙeyata na sara, ƙafafuna sun kumbura, na ja zane na rufe su. Gaskiya a lokacin ban damu ba ko in tashi ko kar in tashi.

Da aka yi addu'ar bakwai mutane suka watse, gidan ya yi tsit. Washegari da hantsi Yaya na jan carbi, sai langar nan ta ɗauki ƙara, garrr, kamar an saki ƙwaro a ciki. Ashe kullum tana yi, hayaniyar masu gaisuwa ce ta hana a ji. Yaya ta zabura tana a'uziyya, ta ce ɓera ne. Da gari ya sake wayewa abin ya maimaita daidai lokacin, sai ta sauko da langar ta buɗe, ta tarar da agogo yana rawa a tsakiyar awarwaro. Ta tambaye ni wane irin shaiɗanin abu ne wannan.

Na ce, "Ƙanenki ne, Yaya. Lokacin maganina yake tuna min."

Ta ajiye langar. Ta tambaye ni yaushe rabona da maganin, na ce tun ranar da aka cire min agogon. Ta yaye zanen ta ga ƙafafuna. Da hannunta ta ɗaura min agogon, har ta matse shi fiye da kima.

Ta ce, "An ce ki yi masa takaba, ba a ce ki bi shi ba."

Da 'yata ta zo sa shi a caji, ta ce saura ƙiris batirin ya mutu. Har yau in na tuna wannan sai in yi wa Allah godiya.

Tun daga nan Yaya ta sa ni a gaba. Fita babu dama, don haka kullum bayan la'asar sai ta tashe ni mu yi ta zagaya tsakar gida, daga famfo zuwa igiyar shanya, ita da gwiwarta mai ciwo tana ɗingishi tana yi min faɗa. Duk matar da ta zo gaisuwa ta tsura wa hannuna ido, Yaya ce ke tare ta, ta ce magani ne, mai magana ya zo ya same ta. Allah ya saka wa matar nan da alheri, na sha jin haushinta a zaman aurena, amma ita ta tashe ni daga tabarmar nan.

Na fita takaba, na koma bakin kaskona. Kwanaki 'yata ta sauya min waya, ta ce ko ta matsar da lokacin girgizar agogon zuwa bayan ciniki ya lafa. Na ce kar wanda ya taɓa min shi. Da hantsi in ya girgiza, nakan ajiye matsami, in ce na ji, Alhaji, in haɗiye ƙwayata.