Sunan da na ara wa Baba

A garin nan ka ara wa mutum riga, ka ara masa mota in kana da ita, amma duk wanda ya ce ka ara masa sunanka, tattara zanenka ka gudu. Ni ban gudu ba.

Wanda ya ari nawa wani dattijo ne ɗan garinmu, Baba muke ce masa. Shi ya tarbe ni da na sauka New York, na yi wata uku ina kwana a falonsa a Morrisania kafin in samu aikin kula da tsofaffi. Da ya ji kiredit ɗina ya fara kyau, wato Turawa sun shaida ina biyan abin da na ci, sai ya aiko a kira ni. Kujeru yake so da talabijin, nasa sunan kuwa tuni ya ƙone.

"'Yata, hannu kawai za ki sa. Biya nawa ne."

Da wane ido zan ce a'a, na ci tuwon gidansa wata uku? Na sa hannu. Ya biya wata biyu ya kakkaɓe hannunsa. Takardu kuma adireshinsa suke zuwa, ban san wainar da ake toyawa ba sai da masu karɓar bashi suka fara kirana a wurin aiki. Na yi sulhu da su a kan rabi, na shekara da rabi ina biya daga guminna. Baba ko sannu.

Bayan nan aka ba 'yata da na baro a gida biza. Ina haya ne a ɗaki ɗaya a Highbridge, bayan gida na tarayya, don haka na nemi gida mai ɗaki biyu a Concourse Village. Ejan, wato dillalin gidan, ya juyo mini da kwamfutarsa. Ga bashin kujeru nan zaune a rifot ɗina na kiredit, wai ba a biya ba.

"Kawo takardar shaidar kin gama biya," in ji shi. "Mako ɗaya zan riƙe miki."

Na kira kamfanin masu karɓar bashin, suka ce sun aika tun bara, zuwa adireshin da ke fayil. Wata sabuwa sai na jira makonni.

Na hau bene biyar zuwa gidan Baba. Na durƙusa na gaishe shi, don ba a ce tarbiyya ta ƙare ba. Yana kishingiɗe a kan kujerata, yana kallon ƙwallo a talabijin ɗina, tumbi a gaba. Na ce, "Baba, ko kun ga wata takarda da sunana?"

Ya yi dariya, ya nuna wata ƙatuwar jaka a bayan ƙofa. Cike take da ambulan, ko ɗaya ba a yage ba. Ashe hikimar dattijon ke nan: wai muddin ba ka buɗe wasiƙa ba, maganar ba ta iso ka ba. Shekara ashirin a Amurka, ilimin da ya tara ke nan. Tir!

"Ke dai kin cika tsoron takarda," ya ce. "Akwai wani abokina mai wanke suna, kuɗi kaɗan zai goge miki komai."

Ɓarawo yana tallar ɗan'uwansa. Na juye jakar a tsakar falo, na zauna dirshan ina tonawa kamar kaza a juji. Sunayen mutum biyar na gani ban da nawa, duk 'yan garinmu, duk waɗanda suka taɓa kwana a falon nan. Ashe ba alheri yake yi ba, kiwo yake.

Na samu takardar. Ejan ya ce ya gani, amma mai gida rifot yake dubawa, ba labari ba. Na aika wa masu ajiye rifot ƙorafi da kwafin shaida, suka ɗauki wata guda. Kafin su gyara an ba wani gidan. Gyaran ma ba gogewa ba ne, sun dai rubuta an biya ƙasa da abin da ake bi, tabon yana nan sai ya cika shekarunsa bakwai.

'Yata ta iso, budurwa mai shekara goma sha tara, muna raba gado ɗaya, akwatinta a ƙarƙashi. Ran Lahadi sai ga Baba, wai ya zo yi mata barka da sauka. Na ba shi ruwa. Ya dube ta sama da ƙasa yana washe baki.

"Wannan ɗaki ai ya yi muku kaɗan. Ta zo wurina mana, falo yana nan. Lambarta ta gwamnati ta fito? Ai nata sunan fari ne tas."

Yarinyar ta sunkuyar da kai, har ta fara cewa na gode. Na karɓe kofin daga hannunsa bai gama sha ba, na buɗe ƙofa.

"Baba, ku sauka lafiya. Wannan ba ta ci tuwonku ba."