Shafi na Uku da Ban Karanta Mata Ba

Sau ɗaya tak na yi wa matar nan ƙarya baki da baki. Sauran duk shiru na yi a inda ya kamata in yi magana, kuma na daɗe ina lallashin kaina cewa shiru ba ƙarya ba ne.

A Karu muke zaune lokacin, katanga ɗaya ce tsakaninmu da ita. Shekarun da benaye ke tsirowa a Abuja ne kamar ciyawar damina, kowane ma'aikaci na jin gobe shi ma zai zama wani. Ni ƙaramin jami'i ne a wata hukumar binciken lafiya, ga digiri biyu ga daɗin baki. Ita kuwa tela ce, Kirista daga Filato, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya mai sikila. Yarinyar ba ta shiri da sanyi ko kaɗan. Hadari na haɗuwa za ka ga uwar ta naɗe ta cikin rigunan da ta ɗinka mata masu kauri, don sanyi ne ke tayar mata da ciwon. Da Sallah matata kan aika musu da nama. Da Kirsimeti ita kuma ta aiko da kaza, wadda sai ta nemo Musulmi ya yanka don mu ci hankali kwance.

Wata rana ogana ya tara mu. Wasu masu bincike a ƙasar waje suna son jinin yara masu sikila. Za su raya ƙwayoyin a ɗakin gwaji, su riƙa taɓa tsarin halittarsu, a cire nan a dasa can, ko Allah zai sa wata rana a gyara cutar daga tushe. Ya ce wanda ya fi kawo yara, da shi za a tafi taro can ƙasar. Ni kuwa ko Legas ban taɓa zuwa a jirgi ba. Kafin oga ya rufe baki, 'yar maƙwabciyata ta faɗo mini a rai.

Fom ɗin da iyaye za su sa wa hannu shafi huɗu ne da Turanci, kuma da ni aka tsara shi. A shafi na uku an rubuta ƙarara cewa za a riƙe ƙwayoyin har abada, za a sauya su yadda aka ga dama, kuma mai jinin kada ya sa ran wani magani daga aikin. Ƙa'ida ta ce in karanta mata duka, da harshen da take ji.

Ranar Asabar da hantsi na same ta a kan keken ɗinki.

"Maman yarinya, akwai likitocin da ke neman maganin sikila. Jini kaɗan suke so."

Ta tsayar da keken, ta tambaye ni da Hausarta da ba ta raba mace da namiji. "Magani, Oga? Yarinya na zai warke?"

"Komai na Allah ne," na ce. "Ana kan aiki."

Na ce bari in karanta mata takardar, amma da irin muryar da ake yi wa baƙo tayin abinci alhali tukunya ta ƙare. Ta yi dariya ta ture hannuna.

"Haba Oga. In madam ya aiko mini nama, ina aunawa ne? Nuna mini inda zan yi sign."

A unguwarmu bin diddigin takardar maƙwabci zargi ne. Na san haka sarai, kuma a kansa na dogara tun kafin in fito daga gida. Na tsallake zuwa shafi na huɗu na miƙa mata biro. Da yamma ta aiko mana da dankali da farfesu na godiya, na ci har da suɗe hannu.

Na je taron. Na ɗauki hoto cikin ƙatuwar kwat, na ga ɗakin da suke ajiye irin waɗannan ƙwayoyin, cikin tankunan da sanyinsu ya fi na ƙanƙara nesa ba kusa ba. Na dawo wa yarinyar da cakulan.

Daga nan duk haɗuwarmu tambaya ɗaya ce. "Oga, yaya labarin jinin mu?" Ni ma amsa ɗaya ce, ana kan aiki. Ta gaya wa matan cocinsu cewa ana haɗa wa 'yarta magani a Turai. Na koma fita tun kafin ta buɗe shago, ina fakewa da cunkoson hanyar Nyanya. Babban mutum da ni, ina wasan ɓuya da tela.

Yarinyar ta rasu a damina ta uku. Bayan an yi jana'iza muka shiga gaisuwa ni da matata. Da za mu tafi, uwar ta biyo ni bakin ƙofa.

"Oga, ba na so komai nasa ya kwana a waje. Har haƙorin da ya cire yana ƙarami na sa masa a akwati. Jinin nan tunda bai yi amfani ba, please a dawo mini in binne kusa da shi."

A nan tsaye, takalmina ɗaya a ƙafa, na gaya mata abin da ke shafi na uku. Na ce ba zai dawo ba. Na ce ƙwayoyin suna nan da ransu, an sauya su, an raba wa wasu masu binciken, kuma tun ranar farko na san ba maganin 'yarta ake haɗawa ba. Na sunkuyar da kai ina jiran zagi. Wallahi da ta zage ni da na ji sauƙi.

Ta ɗago ta dube ni.

"Yana da rai?"

"Ƙwayoyin kawai, Maman yarinya. Ba ita ba."

Ta gyaɗa kai kamar ta gane, ta goge ido da bakin zani.

"To ka gaya musu, tunda kai ka san su. Ba ya son sanyi. Kar su sa shi a sanyi."

Na tuna tankunan nan, da hayaƙin da ke tashi in an buɗe murfinsu. Na dubi fuskarta na ce, "To, zan gaya musu."

Ta yi mini godiya, ta rako mu har ƙofar gidanmu.