Wiebe, Ka Zaɓi Ranarka, Ka Bar Ni da Sauran Kwanakin

Ranar Talata, 14 ga watan Janairu, 2025, da hantsi, mijina Wiebe Hiemstra ya rasu a gidanmu da ke bayan garin Dokkum, yana da shekara sittin da takwas. Rasuwar ba ta zo mini kwatsam ba. Tun kafin Kirsimeti na san ranar, domin shi ya zaɓe ta, likitoci kuma suka amince su taimaka masa ya mutu, kamar yadda dokar ƙasarmu ta yarda. Mutane suna cewa sanin nan ya kamata ya rage mini zafi. Wiebe, bai rage komai ba.

Rabin rayuwarka ka yi kana tuƙa bas tsakanin ƙauyukan nan, har ka san wanda ke makara da wanda ke kuka a kujerar baya. Tsohuwa Baukje, wadda ciwon gwiwa ya hana sakat, ba ta taɓa sauka a tasha ba. A ƙofar gidanta kake tsayawa, ka shigar mata da jakar cefane, fasinjoji suna gunaguni, kai kuma ka dawo kana fito kamar ba da kai suke ba.

Da ka ajiye aiki, sai ka ɗauko koya wa matan da yaƙi ya koro hawan keke a filin bayan coci. Ranar da Samira, mutuniyar Halab, ta zarce da kekenta cikin magudanar ruwa, ka shiga har gwiwa da takalmanka, ka fara ciro keken kafin ita. Tana tsaye cikin taɓo tana yi maka faɗa da Larabci, ku duka kuna dariya. Yau da keke take zuwa aiki.

Da hannu ciwon ya fara. Cokali ya riƙa suɓuce maka, ka ce tsufa ne. Aka auna, aka ce cuta ce mai kashe jijiyoyi ɗaya bayan ɗaya, kuma ba ta da magani. Ta ɗauke ƙafafu, ta taɓa harshe, ta nufi maƙogwaro. Ni nake aske maka gemu, ni nake juya ka a gado, kuma da za a bar ni, da haka zan ci gaba har ƙarshen raina.

Ina feren dankali ka ce, "Renske, na yi magana da likita. Ba zan jira shaƙewa ba."

Na ajiye wuƙar na ce, "Wa ya ce maka na gaji?"

"Ke ai ba kya gajiya, tsohuwa. Ni ne na gaji."

Na yi fushi da kai sosai, na wuni ban tanka maka ba, ga shi kuma ni ce mai ba ka miya a baki. Da likita na biyu ya zo jin ta bakinka, ya nemi in ba ku wuri. Na tsaya a lambu cikin sanyi ina roƙon Allah ya sa ya ƙi. Bai ƙi ba. Ya fito ya ce mini hankalinka garau yake, kuma ba wanda ya tura ka.

Yayanka Douwe, dattijon coci, shi ne bai ɓoye nasa ba. Ya ce, "Ƙanena, rai na Allah ne, ba kai ka ba kanka ba." Ka daɗe kana kokawa da harshenka kafin ka ce, "Na sani, Yaya. Mayar masa zan yi, ba gudu zan yi da shi ba." Douwe ya ɗauki hularsa ya ce ba zai sa ƙafa a gidan ba ranar.

Da ranar ta zo, 'yarmu Marrit ta iso daga Groningen da burodin sukari. Na jiƙa ɗan gutsure a ruwan kofi na ɗora maka a harshe. Ka ce kofin ya yi tsararo, kamar yadda kake cewa tun da muka yi aure. Muka matso da gadonka bakin taga, sai ga Douwe a tsallaken titi, cikin yayyafi, hula a hannu. Bai shigo ba, bai kuma tafi ba. Ka ce in ɗaga masa hannunka, na ɗaga. Likita ya sake tambayarka ko kana nan a kan bakanka. Ka ce kana nan. Ya yi maka allura, ka dube ni, ka yi barci, hannunka cikin nawa. Abin bai daɗe ba.

Abin da ba wanda ya shirya ni a kansa shi ne washegari, da jibi, da duk ranakun da suka biyo baya. An zo an kwashe gadon jinya, ya bar sawun ƙafafunsa a daɓen falo, kuma har yanzu kewaye wurin nake yi. Hannuna bai iya girkin mutum ɗaya ba, kullum sai dankali ya yi saura. Rabin burodi nake saya, shi ma sai ya bushe. Wata rana sai Marrit ta kira da yamma, in buɗe baki in ji muryata ta dushe, sannan in gane tun safe ban yi magana da kowa ba.

A shago wata maƙwabciya ta riƙe hannuna ta ce ka yi kyakkyawar mutuwa. A coci kuwa akwai waɗanda suke gaishe ni idanunsu a ƙasa. Ban san wa zan ba gaskiya ba, Wiebe. Wata safiya ina godiya da ba ka shaƙe a gabana ba. Wata safiya kuma ina cewa da ka ƙara mini ko da damina ɗaya. Kai kaɗai nake so in yi wannan gardamar da shi, kai kuma ba ka nan.

Ya Allah, kai ka san nauyin da bawanka ya ɗauka, ka san abin da ke zuciyarsa lokacin da ya amsa wa likita. Ka yi masa hukunci da jinƙanka, ba da bakin mutane ba. Ka gafarta masa, ka dubi alherin da ya yi wa tsofaffi da baƙi, ka ba shi hutun da ya roƙa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'yarmu Marrit, da yayansa Douwe da iyalinsa, da abokan aikinsa direbobi, da duk wanda ya taɓa zama a bayansa cikin bas. Allah ya ba mu haƙurin rashi baki ɗaya.

Ka huta, Wiebe. Ni dai ban saba ba tukuna.

Matarka,
Renske