Yaren da ya rage wa Malama

Lokacin da muka tare a Gyaɗi-Gyaɗi, mun tarar da ita a ɗakin baya na gidan da ke jikin namu. Tsohuwa ce 'yar gajeriya, mutuniyar ƙasar Filifin, kanta ya yi fari fat. Wata ƙungiyar coci ce ta turo ta Najeriya tun tana budurwa don ta koyar da yara, ta zauna a garuruwa da dama kafin a kawo ta Kano. Ba ta taɓa aure ba. Duk layinmu Malama ake ce mata, kuma Hausa a bakinta kamar a nan aka haife ta.

Ni nas ce a asibitin koyarwa, a ɗakin mata. Da safe tare muke tsayawa bakin titi jiran adaidaita sahu, ni in yi asibiti, ita ta yi makarantar cocinsu can ɗaya gefen gari. Na taɓa tambayarta me ya hana ta zama kusa da mutanenta. Ta ce cikin jama'a aka aiko ta, ba bayan katanga ba.

Zaman bai zo mata da sauƙi ba. Ana gaisawa da ita, amma ba mai shiga ɗakinta. Hajiya mai gidan, wata bazawara da 'ya'yanta duk suka yi nisa, ta sha surutu a kan ba ta haya. Akwai shekarar da Malama ta fara koya wa yaran layi lissafi a soro da yamma. Sai magana ta fara yawo cewa da wata manufa take yi, iyaye suka janye 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ce mata komai. Ta daɗe tana fito da benci kafin ta daina. In gari ya ɗan yi zafi kuma, Hajiya kan kulle ƙofa ta hana ta fita har ƙura ta lafa.

Wata rana muna jiran abin hawa ta ce min, "Waɗanda suka turo ni duk sun mutu. Na ofis ɗin yanzu ko fuskata ba su sani ba."

Na ce, "To ki koma gida mana, Malama."

Ta ce, "Wurin wa?"

Ranar da abin ya faru ina hutu. Da hantsi Hajiya ta shigo ba ko mayafi, ta ce in zo, Malama ba ta fito ba kuma ba ta amsawa. Muka same ta a ƙasa kusa da risho, bakinta ya karkace, ɓarin damanta ba ya motsi. Muka ɗauke ta a adaidaita, aka kwantar da ita a ɗakin da nake aiki.

Da ta farfaɗo ta yi magana, amma ba Hausa ba ce, ba kuma Turanci ba. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki takan yi haka, ta tafi da harsunan da mutum ya koya daga baya, ta bar masa wanda ya sha a nono. Na durƙusa na ce, "Malama, ni ce. Kin gane ni?" Ta riƙe hannuna da na hagunta tana kallon bakina, kamar yadda ɗan ƙauye ke kallon Bature.

Fastonsu ya zo, wani mutumin Kudu mai haƙuri, ya yi mata addu'a da Turanci. Ba alamar ta fahimta. Ya nemo wata 'yar ƙasar su Malama da ke aure a Hotoro. Matar ta saurara sosai, ta girgiza kai, ta ce wannan yaren mutanen kan duwatsu ne, ita ko kalma ɗaya ba ta ji. Ta gwada mata yaren birninsu. Malama ta juya fuska bango.

A asibiti dole mara lafiya ya sami mai jinya. Matan coci sukan zo su tafi, suna da aiki da iyali. Hajiya ce ta shimfiɗa tabarma a gefen gadon, ita ke juya ta, ita ke goge mata jiki, in lokacin salla ya yi ta yi abarta a nan. Masu jinyar sauran gadaje sukan tambaye ta ko me ya haɗa su. Sai ta ce, "A gidana take."

Abin da ya fi damun mu shi ne wata magana guda da Malama ke maimaitawa. Sai ta ja hannun rigata, ta nuna taga, ta faɗa, ta sake faɗa. Mun ba ta ruwa, mun buɗe tagar, mun rufe, mun kawo mata littafin addininta daga gida. Ba ko ɗaya. Ta daina cin abinci, cokali in ya zo sai ta datse baki.

Da ƙyar fasto ya samo lambar 'yar ƙaninta, wadda aka haifa bayan Malama ta baro gida, ba su taɓa haɗuwa ba. Na kira ta ta bidiyo a wayata, na riƙe wayar a gaban Malama. Matar a birni ta girma, yaren kakanninta sama-sama take ji. Amma tana gaisuwa fuskar Malama ta canza. Ta yi ta magana har numfashinta ya sarƙe, sannan ta koma kan maganar nan, tana nuna taga.

Matar ta ce min da Turanci, "Cewa take hadari ya taso, ga shinkafa an shanya a waje, kuma babarta ba ta dawo daga gona ba. Tana so a je a kwashe. Kakata ta rasu tun ina yarinya. Me zan ce mata?"

Na fassara wa Hajiya. Ta ce, "Ki ce ta gaya mata an kwashe."

Aka gaya mata. Malama ta saki rigata. Ranar ta sha koko kaɗan. Washegari ta sake tambaya, haka ma jibi, mu kuwa ba mu iya amsar ba sai an kira matar, ita kuma aikin masana'anta take, ba kullum take ɗauka ba. Na sa ta koya min kalmomin, na haddace, amma in na faɗa Malama ba ta ganewa.

An yi maganar mayar da ita gida. Likitoci suka ce ba za ta jure doguwar tafiyar jirgi ba. 'Yar ƙanin ta ce gidan ƙauye ya rushe, ita kuma ɗaki ɗaya gare ta da yara. Ƙungiyar ta ce tana dubawa. Ana cikin haka ciwon ƙirji ya kama Malama, bayanta ya fara gyambo duk da juyin da Hajiya ke yi mata.

Ta rasu wata rana bayan azahar, ina can ƙarshen ɗaki ina ba wata allura. Hajiya ce ta shafe mata ido ta ɗaure mata haɓa da ɗankwalinta. Da na zo ta tambaye ni a hankali, "Su me ake ce musu in sun cika?" Na ce ban sani ba. Muka tsaya a kanta har aka zo da gadon ɗaukar gawa.

A maƙabartar Kiristoci aka binne ta. Maigidana ya je, ya tsaya daga gefe. Ya ce akwai fasto, da malaman makarantar, da wasu magidanta biyu ko uku da ta koyar suna yara. A layinmu mutane sun rasa wa za su yi wa gaisuwa. Daga baya wasu mata suka shiga wurin Hajiya suka zauna kaɗan, suka ce Allah ya ba da haƙuri, ta amsa musu, ta kawo musu ruwa.