Masta Issaka mai kifin duro ya tafi

Da safiyar nan labarin ya iske ni. Masta Issaka na Bawku ya rasu.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

'Yarsa Adiza ce ta kira ni. Ta ce, "Baaba, abokinka ya cika bayan asuba." Na ce to. Na ajiye wayar, na zauna bakin gado ina neman wanda zan faɗa wa, na rasa. Matata ta riga mu gidan gaskiya, yara suna Kumasi. Shi ya sa nake rubuto muku.

Tare muka yi kwalejin horon malamai, muka fito muna koyar da aikin gona. Shi aka tura shi Bawku, ni aka kai ni Salaga. A shekarun tamanin ke nan, bayan yunwar nan da manya ba sa son tunawa. Rani na yi, ɗanyen ganyen miya sai ya gagari talaka.

A wani hutu Issaka ya zo mini da wata magana. Ya ce, "Seidu, ruwan da kifi ya ɓata da kashinsa, ai abincin shuka ne. In saiwa ta tace shi, sai mu mayar wa kifin. Ruwan bai tafi ko'ina ba, ga kifi, ga ganye."

Na yi masa dariya, amma na nemo duro.

Yau jikokina suna nuna mini irinsa a waya, wai akwafonik. Mu ko suna ba mu sa masa ba. Kifin karfasa a duro, tsakuwa a rabin wani duron, alayyafo da tumatir a cikin tsakuwar. Ba lantarki, ba injin. Da bokiti muke juya ruwan safe da yamma. Mutanen zango suka sa mana suna malamai masu shayar da duwatsu.

Kifi ya mutu mana ba adadi. Ganye ya yi rawaya. Ruwa ya yi tsami, Issaka ya sa aka kawo masa ɓawon kawa, wato dodon-koɗin kogi, daga Kete Krachi, ya daka ya zuba, abin ya daidaita. Duk abin da ɗayanmu ya gano, sai ya ba direban lori saƙo ya kai wa ɗayan. Babu wanda ya sa mu, babu kuma ofishin da ya taɓa tambayarmu me muka samu.

Da rikici ya tashi a shekarun casa'in, ni da iyalina muka bar Salaga daga mu sai kayan jikinmu. Bayan zaman gidajen dangi muka ƙare a zangon Yendi, a ɗakin aro. Aikin shekaru ya tafi. Na daina fita, na daina magana da mutane.

Wata rana da azahar na ji sallama. Issaka ne, duk jikinsa warin albasa, don a bayan lorin albasa ya yi yawancin tafiyar. Yana rungume da jarka. 'Ya'yan karfasa ne a ciki. Tun daga Bawku yake buɗe murfin yana girgiza ruwan don su sha iska. Duk da haka kusan rabi sun mutu a hanya.

Bai yi mini jaje ba. Ya ce, "Ban zo zama ba. Tashi ka nemo duro, waɗannan ba za su jira ka ba."

Ranar na fita.

Tumatirin da muka fara ci a Yendi daga wannan jarkar ya fito.

Ganinmu na ƙarshe kafin azumin da ya wuce ne. Na same shi a bayan gidansa, idonsa ya tafi, amma duronsa na nan. Ya tsoma hannu a ruwa yana jin kifin na taɓa shi. Ya ce, "Seidu, yaran nan suna ɓoye mini don kar raina ya ɓaci. Faɗa mini gaskiya, ganyen nan kore ne?"

Na ce gefensa ya fara rawaya.

Ya yi dariya. "To ba mu gama ba ke nan."

Da zan shiga mota ya riƙe hannuna ya ce in riƙa kiransa ko ba ni da labari. Tun daga nan kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci muke waya. Rabin hirar kifi ce, sauran kuma shiru, kowa na jin numfashin ɗan'uwansa.

Jibi Juma'a. Ban san me zan yi da wannan lokacin ba.

Ya Allah, ka gafarta wa bawanka Issaka. Ka yalwata masa kabarinsa, ka sanyaya masa makwanci. Duk cikin da ya ƙoshi ta dalilinsa, ka sa ya zame masa sadaka mai gudana. Ka ba Adiza da 'yan'uwanta haƙuri.

Ku da kuka karanta, yawancinku ba ku san shi ba. Duk da haka ina roƙonku, ku yi masa Ƙulhuwallahu ko ƙafa ɗaya ce. Ni ma ku sa ni a ciki.